Kwana tara kwamfutata ta yi wurin mai gyaran nan na kusa da Kasuwar Dole

Wata Lahadi ce cikin watan Mayu, bayan la'asar, na danna makunnin kwamfutata ta yi shiru. Fanka bai motsa ba, 'yar fitilar caji ba ta kama ba, allo baƙi ƙirin. ThinkPad T420 ce, samfurin 2011, ta hannu na saye ta shekara shida da suka wuce, ba ta taɓa ba ni kunya ba sai ran nan. Makin ɗalibaina na aji uku duk yana ciki, ga jarrabawar BEPC ta ƙarato, darakta kuma yana jiran lissafin ƙarshen shekara.

Abin da na sani na yi. Na zare batir, na cire caja, na danne makunni kamar daƙiƙa 30, na mayar da caja ita kaɗai. Ko alama babu.

Washegari na kai ta wani shago a unguwar Zango, nan Damagaram. Mai shagon bai ɗauko ko mita ba. Murfin ƙasa kawai ya kwance, ya kai hanci ya sansana, ya ce, "Mushe, kart-mer ce ta ƙone, sai an aika Kano." Kart-mer ita ce babban allon da ke cikin kwamfuta, wanda kayan wutarta ke liƙe a kai. Jikka 45 ta sefa ya yanka mini, in kuma ban iya ba ya saye ta a matsayin kayan gyara. Ya ce in bar ta ta kwana ya ƙara dubawa, na bari. Da safe maganar ba ta canza ba, na biya jikka 2 kuɗin buɗewa na ɗauko abata.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini na biyun, wanda a kansa nake wannan rubutu. Ɗan ƙaramin shago ne, teburi ɗaya, wayoyin salula a zube ko'ina, shi da yaronsa guda. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Tambayarsa ta farko ita ta kwantar mini da hankali: "Mushe, akwai abin da ba ka so ka rasa a ciki?" Da na faɗa masa, ya kwance kusa ɗaya a gefe, ya zaro diski, wato ma'ajiyar bayanai, ya sa shi cikin wani ɗan akwati mai igiyar USB, ya haɗa da tasa kwamfutar. Kafin a kira azahar makin yarana yana cikin kile, 'yar ma'ajiyar nan ta USB, a aljihuna. Wallahi da a nan aikin ya tsaya, da na ce kuɗina ya biya. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba saboda makin nan.

Sannan ya koma kan cutar. Ya auna caja da mita, ta nuna volt 20 da ɗan ɗori, daidai da abin da aka rubuta a bayanta. Yana soka ta cikin kwamfutar sai wutar ta faɗi. Ya maimaita sau biyu don in gani da idona. Ya ce caja lafiyarta lau, wani abu ne a ciki ya haɗe hanyar wuta da ƙasa, ita kuma caja tana kashe kanta don kada ta ƙone. Ban taɓa samun mai gyaran da ya zaunar da ni ya nuna mini dalili haka ba.

Ranar da ya kwance ta gaba ɗaya ina wurin. Ƙurar hunturun shekara da shekaru ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga, man rage zafi da ke kan kwakwalwar kwamfutar ya bushe ya zama gari. Ya ba kart-mer ɗin wuta kaɗan, wajen volt 1, daga na'urarsa ta kan teburi, ya shafa alkol a gefen da wutar caja ke shigowa, muka zuba ido. Wuri ɗaya ne ya riga ko'ina bushewa, kan wani ɗan kondansata, ɗan abin tara wuta, da bai wuce ƙwayar gero biyu ba. Shi ne ya lalace yake ɗaukar zafi. Ya ɗaga shi da iska mai zafi, ya ciro irinsa daga wata matacciyar kart-mer ya liƙa. Ya sauya ɗan batir ɗin agogo, CR2032, don ya yi ƙasa da volt 3 ɗinsa. Ya danna makunni, fanka ya juya. Abin da aka ce mini sai Kano da jikka 45 ke nan.

Amma a nan ne kuma raina ya ɓaci, har yanzu bai gama hucewa ba. Irin wannan kwamfuta ramin memuwa biyu gare ta (memuwa ita ke sa ta riƙe ayyuka da yawa lokaci guda ba ta yi nauyi ba), ɗaya ƙarƙashin madannai, ɗaya ƙarƙashin murfin ƙasa. Dattijon ya nuna mini na ƙasan, wayam. Ya ce, "Haka ka saye ta?" Giga 8 nake aiki da shi shekara shida, yanzu 4 ya rage. A gabana ya fara buɗe murfin nan tun ranar farko, don haka ba na zarginsa ko kaɗan. Wuri ɗaya kawai ta kwana kafin ta zo hannunsa. Na koma Zango, mutumin ya rantse bai ga kome ba, har yana ɗaga mini murya gaban mutane. Ba ni da shaida, na juyo. Malamin makaranta ka kai wa mutum abin neman abincinka cikin amana, ya ƙi gyarawa, ya karɓi kuɗinka, ya kuma rage maka kaya.

Shi ma dattijon, da duk yabon da na yi masa, ya wahalar da ni. Aikin da na gani da idona bai kai awa uku ba, amma kwana tara ta yi a shagon. Kullum "gobe in Allah ya yarda". Na san ana ɗauke wuta, zafin bazara kuma ba ya barin mutum ya zauna cikin shagon kwano da rana, wannan na yi masa uzuri. Abin da ban yi masa uzuri ba shi ne duk mai wayar da ya shigo sai a ture tawa gefe a kama tasa, don ita kuɗinta nan take. Waya kuma ba ya ɗagawa. Sau biyar na hau kabu-kabu daga Birni na je na dawo hannu wofi, in ka tara kuɗin ya kusa rabin na gyaran.

Da na karɓo ta ma ba a gama ba. Na isa gida na tarar wurin shafa yatsa ba ya aiki, sai ɗan jan maɓallin tsakiyar madannai, kusoshi biyu kuma babu su a ƙasa. Yaron ne ya rufe ta, ya manta bai soke siririyar igiyar ba. Na koma rai a ɓace. Dattijon bai yi gardama ba, ya ce, "Yi haƙuri Mushe, laifina ne da ban duba bayansa ba." Minti goma ya gyara, ya nemo kusoshi, bai karɓi ko dala ba.

Jikka 12 na biya gaba ɗaya, har da batir ɗin agogo da sabon man kwakwalwa. Ya gaya mini gaskiya cewa babban batir ya gaji, minti 20 yake riƙewa, kuma in riƙa zare caja idan an ɗauke wuta har sai ta dawo ta zauna. Wata biyu ke nan tana tashi da dannawa ɗaya, ba ta zafi kamar da. In ta sake mutuwa wurinsa zan kai, sai dai zan zauna a kan bencin har ya gama, ba zan bar ta ta kwana ba. Nauyin da take yi in na buɗe takardu da yawa kuwa, kullum sai ya tuna mini da shagon Zango. Na ba wani direban Kano saƙon memuwa DDR3 mai giga 4, mako na uku ke nan ina jira.