Blender kyauta ce, amma sai ka biya da ido da haƙuri

Duk matashin da ya tambaye ni da wace manhaja zai fara koyon katun mai motsi, ko siddabarun fim, ko ƙera kayan wasan gem, amsata ɗaya ce: Blender. Sana'ata tace bidiyo ce a Kano, na biki da na tallan 'yan kasuwa, kuma da ita nake duk aikin da kyamara ba za ta iya ɗauko min ba. Ina yabonta da zuciya ɗaya, sai dai yawancin masu yabonta a "kyauta ce" suke tsayawa, ba sa gaya wa yara abin da ke jiran su bayan an sauke ta.

Kyautar dai ta gaskiya ce. Ba ta gwajin wata guda ba ce, ba ta manna tambarinta a kan aikinka, kuma kana da damar sayar da duk abin da ka yi da ita. Wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, shi ya ƙirƙiro ta. Da kamfaninsa ya durƙushe a 2002, masu amfani da ita suka yi karo-karo har Yuro 100,000 cikin mako bakwai, suka fanso ta daga hannun masu zuba jari, aka sake ta ga kowa. Gidauniyar Blender da ke Amsterdam ce ke kula da ita har yau. Takwararta Maya, wadda manyan kamfanonin fim suka fi riƙo, kuɗin hayarta ya haura dala dubu a shekara. Wannan bambancin ne ya sa yaron Fagge ko na Damagaram zai iya koyon sana'ar ba tare da ya girka manhajar sata mai ɗauke da ƙwayar cuta ba. Masu cewa kayan kyauta ba ya kai wa ko'ina kuwa, a 2025 fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda da Blender aka yi shi, ya ci kyautar Oscar ta katun.

Makon farko shi ke korar mutane. Kana buɗe ta za ka ga akwati ɗaya a tsakiyar fili, da maɓallai rututu ta ko'ina. Tun fitowar sigarta ta 2.8 a 2019 fuskarta ta gyaru sosai, amma har yanzu manhaja ce ta yatsu: G ka ja abu, R ka juya shi, S ka ƙara masa girma, E ka fito da sabon sashe daga jikinsa, Tab ka shiga cikin siffar ka taɓa layukanta. Sai hannun hagu ya haddace waɗannan kafin kai ya samu sararin tunanin aiki. Kada ma ka fara da ɗan faifan taɓawa na laftof; nemi linzami mai maɓalli uku, domin da na tsakiyan ake zagaya abu. Darussa sun cika YouTube, kuma kusan kowa da darasin ƙera donot (wani soyayyen fulawa mai rami a tsakiya) na wani malami mai suna Andrew Price yake farawa. Sai dai mafi yawansu da Turanci ne, ana kuma maganar da sauri. Wannan cikas ne babba ga yaranmu, kuma yana damuna ƙwarai.

Inda ta fi burge ni shi ne tallan kaya. Wani mai turare ya taɓa kawo min kwalba yana so ta fito tana juyawa cikin haske, irin tallan waje. Ƙera kwalbar bai ɗau lokaci ba. Abin da ya ci rana shi ne gilashin: sai da na ajiye ainihin kwalbar a bakin taga ina kallon yadda haske ke shiga ta gefe ɗaya ya taru a gindi, yadda ruwan turaren ke jefa inuwa mai ruwan zuma a kan tebur, da ɗan farin layin da ke bin kafaɗarta. Injin haskenta mai suna Cycles yana iya fito da duk wannan tsaf, amma sai ka fara ganinsa da idonka kafin ka san inda za ka kafa fitilu. Wanda ya taɓa riƙe kyamara ko fensir yana da rabin sana'ar a hannu tun kafin ya zauna.

Motsa mutum kuwa wata duniya ce daban. Da farko za ka saka wa siffar ƙasusuwa, ka nuna wa kowane ƙashi iyakar naman da zai ja. Idan layukan gwiwar hannu ba su tsaru ba tun wajen ƙira, yana lanƙwasawa za ta murɗe kamar tiyon ruwa. Bayan nan sai lokaci. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, kuma taku ɗaya na tafiyar mutum kusan hoto 12 ne: dunduniya ta taɓa ƙasa, jiki ya ɗan nutse da nauyi, ƙafar baya ta wuce, jiki ya ɗago. Ka manta da nutsewar nan, mutumin naka zai riƙa sulɓi a kan ƙasa. Sannan ga namu na musamman da babu darasin waje da zai koya maka: babbar riga. Blender tana da sashen kwaikwayon yadi, amma shadda mai sitaci ba ta faɗuwa yadda atamfa ke faɗuwa, kuma yadda dattijo ke naɗe hannun riga ya ɗora a kafaɗa sai ka je masallacin Juma'a ka lura da kyau. A ganina nan ne ɗan Hausa ya fi kowa dama, in zai yi haƙurin kallo.

Sai maganar renda, wato fitar da hotunan ƙarshe, wadda ita ce ciwon kanmu. Masu manhajar sun ce aƙalla kwamfuta ta kasance da RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, gigabait 8, amma aikin kirki yana son katin girafik, wato sashen da ke sarrafa hoto, mai ƙarfi. Ga lissafi: talla mai daƙiƙa 30 a kan hoto 25 a daƙiƙa hoto 750 ke nan. In kowane hoto zai ci minti 2, awa 25 kake nema kwamfuta na kunne, ga zafin watan Afrilu, ga ɗauke wuta. Dabara biyu ke cetona. Ina fitar da aikin hoto-hoto a tsarin PNG maimakon bidiyo guda, ta yadda in wuta ta tafi a hoto na 400 zan ɗora daga na 401. Sannan duk aikin da ba ya buƙatar gilashi ko haske mai sarƙaƙiya ina mayar da shi kan ɗaya injin, Eevee, mai gama hoto cikin daƙiƙoƙi.

Ba ko'ina ta ci maki ba. Sashenta na tace bidiyo bai gamsar da ni ba. A wata manhajar, DaVinci Resolve, nake yanka da gyaran launi. Sashen bin motsin kyamara da cire koren ƙyallen da ake ratayawa a bayan ɗan wasa don a sauya bayan hoto yana aiki, har ina ganin masu fim ɗinmu za su amfana da shi fiye da walƙiyar da ake liƙa wa matsafi a tafin hannu, amma in an ɗauki hoton da rawar hannu ko ƙyallen ya yamutse, wahala za ka sha. Mai son gem kuma ya sani an cire injin wasa daga cikinta tun 2.8. A nan za ka ƙera mota ko gida ko jarumi, da layuka kaɗan don waya ta iya ɗauka, sannan ka kai su manhajojin haɗa gem irin su Godot ko Unity ko Unreal, inda rubuta lamba, wato umarnin kwamfuta, ke jiran ka.

Haɗarinta mafi girma shi ne yawan abin da ta iya. Tana ƙira, tana sassaƙa, tana zanen hannu da sashenta mai suna Grease Pencil, tana hayaƙi da ruwa da wuta, sai yaro ya shekara yana ɗanɗana kowanne bai ƙware a ko ɗaya ba. Kamfanoni kuwa mutum ɗaya suke ɗauka don abu ɗaya: mai ƙira, mai saka ƙashi, mai motsi, mai haske, mai haɗa hoto. Abin da suke fara dubawa shi ne ɗan gajeren bidiyon ayyukanka, kafin takardar makaranta. Wanda yake da ƙwaƙwalwar lissafi ya koyi Python, wani yaren kwamfuta, domin Blender tana karɓar umarni da shi, kuma masu haɗa fasahar zane da rubuta lamba ba su da yawa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da siffanta abu mai rai ba, shi ma akwai abincinsa: a nan Kano aikin da ya fi saurin kawo min kuɗi shi ne nuna wa mai fili yadda gidansa ko shagunansa za su kasance kafin a sa bulo ɗaya, sai kuma tallan kwalba da kwali.