Wata huɗu da na'urar hangen taurari mai madubi: daidaita madubai da saiti

Na'urar da nake amfani da ita irin ta masu koyo ce, mai madubi, salon da Isaac Newton ya fara ƙerawa a 1668. Faɗin babban madubinta milimita 130, kuma haske yana haɗuwa a nisan milimita 650. Ta zo da gilasan ido biyu: na milimita 25 yana ƙara girma sau 26, na milimita 10 kuma sau 65. Akwai ɗan abin saiti mai jan ɗigo da ake ɗaurawa a kan bututun, da wani murfin roba mai ƙaramar huda a tsakiya wanda da farko na ɗauka marufi ne kawai.

Daren farko wata ya fito tas, har na yi ta kiran mutanen gida su zo su gani. Da na juya kan taurari da gilashin milimita 10 sai murna ta koma ciki. Kowane tauraro yana da 'yar jela a gefe guda, kuma duk yadda na murza ba ya tsayawa ɗigo ɗaya. Duniyar Mushtari (Jupiter) ma ta fito dishi-dishi. Na zaci madubin ne ba shi da kyau, ashe jijjigar hanya ce ta gusar da shi daga mazauninsa.

A nan ne ƙorafina yake. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ta ba daidaita madubai rabin shafi, da zane ɗaya da ba ya nuna komai. Alhali wannan shi ne aikin da ke raba gani mai kyau da mara kyau, musamman a gajeriyar na'ura irin wannan, wadda nisan haɗuwar haskenta ninki biyar ne kacal na faɗin madubinta. Irinta ba ta yafe kuskure.

Murfin nan mai huda shi ya fitar da ni. Ana cusa shi inda gilashin ido yake shiga, da rana, a fuskantar da bututun ga bango mai haske. Ana farawa da ƙaramin madubi, wanda yake karkace a kusurwa 45 kusa da bakin bututu. So ake a ga babban madubi gaba ɗaya a cikinsa, da maƙalai ukun da ke riƙe gefensa. Ni biyu na fara gani, na uku ya ɓuya. Ƙananan sukurori uku ne ke karkata shi, da alanki (ɗan lanƙwasasshen ƙarfen murza sukurori) ake murza su, kaɗan-kaɗan: ka sassauta ɗaya, ka ɗan ɗaure biyun. Babban sukurun da ke tsakiya kuwa ban taɓa shi ba. Kuma a kwantar da bututun kafin a fara, domin in alanki ya suɓuce a tsaye, kan babban madubi zai faɗa kai tsaye.

Babban madubin ya fi sauƙi, kuma a nan dole in yaba wa masu ƙerawa, domin sun manna ɗan zobe a tsakiyarsa. A bayan bututu akwai sukurori shida, uku na juyawa, uku na kullewa. Ka kwance na kullewa, ka riƙa murza na juyawa kana leƙawa, har baƙin ɗigon hudar murfin ya zauna cikin zoben. Wahalar kawai ita ce kai-komo tsakanin baya da gaba. Da mutum biyu ne, minti biyar ta isa. Abin da ya ci mini lokaci shi ne ɗaure na kullewa da ƙarfi, wanda ke sake ture madubin. Su taɓa kawai, shi ke nan.

Na kuma gwada na'urar leza mai araha ta daidaita madubai, wadda ita ma ake cusawa inda gilashin ido yake shiga. Ban ji daɗinta ba. Da na juya ta a mazauninta sai jan ɗigon lezar ya zana da'ira a kan madubi, ma'ana ita kanta a karkace take. Na ajiye ta na koma ga murfin roba.

Tabbacin aiki da dare ake samunsa. Na bar na'urar a waje kamar rabin awa madubin ya huce, na sa tauraro mai haske a tsakiyar gilashi, na ɗan kauce daga inda hoto yake fita sarai. Tauraron ya buɗe ya zama faifai, inuwar ƙaramin madubi tana zaune daram a tsakiya. A da inuwar can gefe take.

Abin saitin bai ba ni wahala ba da zarar na daina yin sa cikin duhu. Da yamma na nemi kan wata eriya mai nisa, na sa ta a tsakiyar gilashin milimita 25, na murza maɓallai biyun abin saitin har jan ɗigon ya hau kanta, sannan na maimaita da na milimita 10. Abu na kusa ba ya yi, domin abin saitin da bututun ba daga wuri ɗaya suke kallo ba. Hoton zai fito a kife, haka irin wannan na'ura take. Kada a kuskura a juya ta wajen rana, ko na daƙiƙa ɗaya, yana iya makantarwa. Aibin abin saitin biyu ne: mazauninsa na roba yana gocewa in an ɗan buge shi, kuma in ka manta shi a kunne batirin ya tafi.

Bayan gyaran, Mushtari ya nuna ɗamararsa biyu masu duhu da watanninsa huɗu, waɗanda Galileo ya gani a 1610. Zoben Zuhal (Saturn) ya rabu da jikinsa a sau 65, ƙarami amma tsaf. Kaza da 'ya'yanta kuwa sun cika gilashin milimita 25. Ga mai koyo ina ba da shawarar wannan na'ura, muddin zai zauna yamma ɗaya da murfin nan. Yanzu nakan leƙa ta cikinsa kafin kowane fita, kuma sau biyu kawai na sake taɓa sukurori a wata huɗun nan.