Gargaɗi ga 'yan Zango: mai hoton AI ɗin nan fuskarku yake nema

Salamu alaikum jama'ar Aboabo, Asawase da Sawaba na nan Kumasi, dan Allah ku tsaya ku karanta wannan kafin ku tura ma wani hotonku.

Akwai wani mutum da ke yawo da talla a Facebook da TikTok, wai zai haɗa maka hoton neman aiki da AI, ƙirƙirarriyar basirar nan da ake ta faɗi, ka fito cikin kwat da taye kaman manajan banki a Adum, hoto 20 a kan sidi 80, ba sai ka je situdiyo ba. Ƙanina ne ya faɗa hannunsa. Yaron ya gama nashinal sabis yana ta cika takardun neman aiki, ya ga abokansa duk sun sa hotuna masu kyau a LinkedIn, shafin masu neman aiki, shi kuma nasa hoton ranar sallah ne da rabin kafaɗar wani a gefe, sai ya ce bari shi ma ya gyara.

Da farko mutumin ya ce ya turo selfi 15, gaba, gefe, da murmushi, ba murmushi. Wannan kam ba abin mamaki bane, galibin manhajojin nan haka suke, sai sun ga fuskarka ta ɓangarori da yawa kafin su zana sabuwa. Inda ya kamata yaron ya farga shine da aka ce ya ɗauki hoton Ghana Card ɗinsa gaba da baya, ya kuma yi ɗan bidiyo yana juya kai hagu da dama, wai don injin ya tabbatar mutum ne na gaske. Jama'a ina ruwan kwat da katin ɗan ƙasa? Mai hoto na bakin kasuwar Kejetia ya taɓa tambayarku kati kafin ya ɗauke ku? Amma yaro da zumuɗi, ya tura, ya biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, sunan da ya fito a lambar ma na mace ne, mutumin ya ce ai ta matarsa ce.

Hotunan sun zo, ba zan ce basu zo ba. Sai dai wlh da na gani dariya ta fara kama ni kafin haushi. An haska masa fata, an siranta hanci, tabon sallar da ke goshinsa ya ɓace, kunne ɗaya ya fi ɗaya girma, ga tambari a tsakiyar kowane hoto wai sai an ƙara sidi 50 za a cire. Mma ta karɓi wayar ta daɗe tana dubawa sannan ta ce, wannan ɗan waye? Ya ce Mma ni ne fa. Ta ce a'a, ni dai ban haifi balarabe ba.

Da a nan abin ya tsaya da ban rubuta komai ba, sidi 80 an sha asarar da ta fi haka. Bayan kaman sati biyu sai Goggo ta kira daga Nima tana tambaya ya jikin yaron, wai ya yi mata magana da sabuwar lamba a WhatsApp cewa babur ya buge shi yana asibiti, ta tura sidi 400. Hoton da ke kan lambar selfinsa ne na gaske, cikin waɗanda ya tura, har da ɗan bidiyon juya kan aka aika mata don ta yarda. Sunayen dangi kuma a Facebook ɗinsa aka tsinto su, tunda komai a buɗe yake. Muna cikin wannan sai ga saƙon masu ba da bashi ta waya suna neman kuɗin da bai taɓa ci ba. To a nan muka gane amfanin katin da bidiyon, irin manhajojin bashin nan abin da suke nema kenan, hoton kati da fuskar mai katin.

Sannan masu shirin cika lotirin bizar Amurka ku ji da kyau, domin mutumin yana tallata cewa hotonsa na shiga. Ƙarya ne. Dokarsu ta ce hoto ya zama wanda aka ɗauka cikin wata 6, bango fari, kuma kar a taɓa shi da kwamfuta a canza kamanni. Hoton da injin ya zana ai ba a ma ɗauke shi ba balle a ce yaushe. Fasfo na Gana da Ghana Card kuwa kun sani da kanka za ka je a ɗauke ka a ɗauki yatsunka.

Ni ban ce AI haramun bane, ni ma na taɓa goge bangon hotona da shi. Abin takaicin ma shine abin da mutumin ya karɓi sidi 80 a kai, manhajoji irin su Gemini da ChatGPT kusan kyauta suke yi a wayarka, shi ma can yake zuwa ya kwafo. In kuma hoton neman aiki kake so, ara riga mai kyau, tsaya jikin farin bango da safe inda haske ke dukan fuskarka, wani ya ɗauke ka. Ranar intabiyu dai fuskar da Allah ya ba ka za ka ɗauka ka je da ita.

Mun kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Gana, mun kai rahoto wajen 'yan sanda da kamfanin layin, mun ajiye hotunan duk hirar da shaidar biyan kuɗin. Wanda ya riga ya tura nasa ya yi haka yau yau, ya kuma sanar da dangi cewa duk sabuwar lambar da ta nemi kuɗi da sunansa a kira tsohuwar tukuna.

Kuɗin Goggo har yanzu shiru. Jiya na sake ganin tallar, ya canza sunan shafin, hotunan misalin dai su ne, kuma yanzu sidi 100 yake cewa.