Kogon Kuweba de los Berdes: Abin da Na Gani a Cikin Ƙasa

Da na faɗa wa abokan hira a Sakkwato cewa na biya kuɗi don in shiga ramin da narkakken dutse ya haƙa, dariya suka yi. Kogon yana tsibirin Lanzarote, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifen da ke daura da gaɓar Maroko, kuma tun shekarar 1964 aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido.

Ɗan jagoranmu ya fara da bayanin yadda ramin ya samu, kuma wannan bayani kaɗai ya isa kuɗin tikiti. Lokacin da dutsen Korona ya yi aman wuta dubban shekaru da suka wuce, saman narkakken dutsen ya huce ya daskare, kamar yadda kunu ke yin fata a sama alhali cikinsa da zafi, sai na ƙasan ya ci gaba da malala zuwa teku har ya tsiyaye ya bar rami mai tsawon kusan kilomita 6, wanda wani sashensa ya zarce ƙarƙashin ruwa. Kilomita 1 kacal ake zagayawa da baƙi, cikin kimanin minti 50. A jikin bango na taɓa layukan da ke nuna inda ambaliyar ta kai, a rufi kuma ga ɗigon dutse da ya sandare bai kai ƙasa ba. Nan mutanen tsibirin suke ɓuya daga 'yan fashin teku a ƙarni na 16 da na 17.

Sanyin ciki bai wuce digiri 19 ba, wanda ga mutumin da ya saba da zafin Afirilun Sakkwato tamkar hunturu ne. Akwai wuraren da sai an sunkuya sosai, ga matakala masu duhu, don haka ba zan ba dattijo mai ciwon gwiwa shawarar shiga ba, kuma babbar riga da silifas ba kayan wurin ba ne.

Kamfanin motar da ya kai mu, shi ne ya gaza, domin muna fitowa direba ya fara matsa ham, ko hoto ba mu ɗauka a bakin kogon ba. Wanda zai je gara ya yi hayar mota da kansa.

A ƙarshen zagayen akwai wani abin mamaki da ya sa na ja da baya ina salati, amma ɗan jagoran ya roƙe mu kada mu tona wa waɗanda ba su je ba.