Shak, wel ko dolfin: wanne jirgi ya kamata ka shiga?

Malam, ka ce a watan Satumba za ka bar Samaru zuwa taro a Afirka ta Kudu, kana da yini ɗaya rak na hutu, kuma kana tambaya ko jirgin kallon shak za ka shiga ko na wel da dolfin.

Bambancin yana cikin numfashi. Wel da dolfin, ko da yake muna kiransu kifi, dabbobi ne masu shayar da 'ya'yansu nono, kuma iska suke shaƙa ta kafar da ke saman kansu, saboda haka ala tilas su leƙo sama. Shak kuwa kifi ne na gaske, a cikin ruwa yake numfashi, babu abin da zai sa ya nuna maka kansa sai an yaudare shi. Shi ya sa a Gansbaai, garin bakin teku da ake zuwa kallon shak, ake zuba jini da gutsattsarin kifi a teku, a sa mutum cikin kejin ƙarfe a ruwa mai tsananin sanyi, ya yi ta jira. Tun wajen 2017 kuma manyan fararen shak suka yi ƙaranci a can, bayan da wasu orka guda biyu, wato wani nau'in babban dolfin, suka riƙa kashe su suna cinye hantarsu, don haka sau da yawa wani nau'in shak ake gani.

Hermanus, kimanin kilomita 120 daga Cape Town, ita ce zaɓina. Daga Yuni zuwa Nuwamba wel ke zuwa gaɓarta su haihu, ka ga ke nan Satumba tsakiyar lokacin ne. Da farko feshin numfashi za ka hango ya tashi reshe biyu, sannan baƙin gadon baya ya bayyana, dabba mai tsawon mita 15 da ɗanta manne a gefenta. Har daga kan duwatsun bakin teku ana ganinsu, wanda hakan rahama ce ga irinmu da iyakar ruwanmu Kubanni da Galma, domin igiyar teku tana sa jiri da amai ba kaɗan ba.

Dolfin kuwa sa'a ce. Garke guda suke tafiya, sukan biyo jirgi suna tsalle a gabansa, kuma mai yiwuwa ka gamu da su a wannan fitar ba tare da ƙarin ko kwabo ba.

Roƙona ɗaya: ka zaɓi jirgi mai lasisi, wanda direbansa ke rage gudu idan ya ga uwa da ɗanta.