Graf ya fi memorin GPU girma: yankawa, Unified Memory ko karatu kai tsaye?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya tambaya: graf ɗinsa, wato tarin ƙulli da layukan haɗi da ke tsakaninsu, na da ƙulli miliyan 200 da haɗi biliyan 10, katinsa na GPU kuma mai memori 24GB ne a kan PCIe 4.0, hanyar da bayanai ke bi tsakanin kati da RAM ɗin kwamfuta. Yana son gudanar da PageRank, lissafin da ke auna muhimmancin kowane ƙulli, da BFS, binciken da ke bin graf mataki-mataki daga ƙulli ɗaya. Ya yanka graf ɗin ne, ko ya bar wa Unified Memory, tsarin da ke kai da kawo bayanai tsakanin RAM da kati da kansa, ko GPU ya riƙa karantowa daga RAM kai tsaye?

Malam, mu fara da lissafi. A tsarin CSR, inda ake jera maƙwabtan kowane ƙulli bi da bi a jeri ɗaya, kowane haɗi bayit 4 ne, ka ga 40GB ke nan. Jerin da ke nuna inda maƙwabtan kowane ƙulli suka fara sai da bayit 8, tunda haɗin ya haura biliyan 4.29 da bayit 4 ke iya ƙirgawa, wannan 1.6GB. Ƙimar PageRank, tsohuwa da sabuwa, wani 1.6GB. Bayanan ƙulli duka suna shiga kati har da rara, don haka can za su zauna, kowace hanya ka bi. Haɗin ne kaɗai bai samu wuri ba. Shi kuma PCIe 4.0 mai layi 16, abin da ake samu a aikace wajen 25GB ne a daƙiƙa, alhali memorin kati irin RTX 3090 na haura 900GB. To tambayar ita ce: a kowane zagaye, bayit nawa ke tsallaka wannan siririyar gada, kuma nawa aka yi amfani da su?

Yankawa ita ce ka raba haɗin gunduwa-gunduwa, misali 2GB kowace, ka tanadi gurbi biyu a kati. GPU na aiki a kan ɗaya, umarnin kwafi na cudaMemcpyAsync na cika ɗayan. Sai RAM ɗin ya zama kafaffe, wato wanda kwamfuta ba ta ɗauke shi daga wurinsa, wanda aka ware da cudaMallocHost, in ba haka ba kwafi da aiki ba za su tafi tare ba. Ga PageRank babu kamarta, domin kowane zagaye yana taɓa kowane haɗi: 40GB a daƙiƙa 1.6. Kana iya ragewa ma. Bayan bayanan ƙulli da gurbin nan biyu, akwai ragowar sama da 16GB; ka zaunar da 15GB na haɗin a can dindindin, sai 25GB kawai ke tsallakowa, daƙiƙa ɗaya. A raba da yawan haɗi, kada a raba da yawan ƙulli, domin ƙulli ɗaya mai farin jini na iya riƙe miliyoyin maƙwabta.

A BFS kuwa kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. A matakan farko da na ƙarshe, ƙullin da ke aiki ba su da yawa, amma sun warwatsu cikin gunduwoyin. Sai ka kinkimo 2GB saboda ƙulli goma. Idan graf ɗin irin na taswirar hanyoyi ne, mai matakai dubbai, aikin ba zai ƙare da wuri ba. Akwai gyaran da tsarin Subway ya kawo a 2020: CPU ya tsinto haɗin ƙullin da ke aiki kaɗai, ya dunƙule su ya aika. Yana rage kaya sosai, sai dai nauyin ya koma kan CPU.

Unified Memory ta fi sauƙin rubutu, cudaMallocManaged kawai. Tun katunan Pascal na 2016 ana iya ware fiye da abin da kati ke ɗauka, amma a Linux. A Windows hakan ba ya yiwuwa. Idan GPU ya nemi shafi, wato yankin memori, da babu shi a kati, sai ya tsaya, direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ya kawo shafin, aƙalla 4KB ko da bayit 12 kake so. In kati ya cika, a kori tsohon shafi. Da 40GB a kan kati mai 24GB, shafin da aka kora yanzu shi za a nema a zagaye na gaba, sai kai-komo. cudaMemAdviseSetReadMostly da cudaMemPrefetchAsync na rage zafin, amma wanda ya fara tsara abin da za a kawo da hannunsa ai ya dawo yankawa ta bayan gida. A ganina ta dace da gwajin farko, ko graf da ya ɗara memori kaɗan.

Karatu kai tsaye shi ne haɗin ya zauna a kafaffen RAM, GPU ya riƙa miƙo hannu ta PCIe yana ɗaukar abin da yake so, daga bayit 32 zuwa 128 a kowace buƙata. Nan BFS ke samun yadda yake so. Amma yadda ka rubuta aikin shi ne komai. Idan ka ba kowane ma'aikacin GPU, wato thread, ƙullinsa, buƙatun za su fita ƙanana, bayit 32-32, gadar ta cika da takardun neman kaya. Ka ba ayari guda na ma'aikata 32, wato warp, ƙulli ɗaya: 32 sau bayit 4, bayit 128 cif. Sannan ayarin ya fara karatu daga adireshin da 128 ke rabawa, ko da na farkon ayarin za su zauna ba aiki. In ya fara a karkace, buƙata ɗaya ta rabu biyu. Wannan ne binciken EMOGI ya nuna a 2020. Raunin karatu kai tsaye shi ne ba ya ajiye komai, haɗin da ka karanta yanzu a zagaye na gaba ma sai ya sake tsallakowa. Kuma 40GB kafaffe na son na'ura mai RAM 64GB aƙalla.

Don haka, Malam, PageRank ka yanka, BFS ka karanta kai tsaye. Memori ɗaya da cudaHostAlloc ya ware na yi wa hanyoyin biyu aiki, sai ka ƙirga haɗin da ke aiki a farkon kowane zagaye: in sun yi yawa ka kwafo gunduwa, in kaɗan ne ka miƙa hannu. Inda layin yake tsakanin "yawa" da "kaɗan" sai ka auna a kan na'urarka, da graf ɗinka.