Ɓawon ayabar da ya kunyata ni a Indore

Ina cikin sati na uku da sauka a Indore, babban birnin kasuwanci na jihar Madhya Pradesh a tsakiyar Indiya, na tari adaidaita zuwa makaranta. Irin tamu ce sak, tunda dama daga ƙasar ake kai mana su. Ban karya ba, sai na sayi ayaba biyu wajen wani mai kura. Na ɓare ɗaya, na cinye, na wurga ɓawon ta gefe. Wallahi ban ma san na yi ba. Hannu ne ya yi abin da ya saba tun ina yaro a Fagge.

Sai direba ya taka burki. Na zaci wani abu ne ya lalace. Ya juyo, dattijo ne mai furfura, zai yi sa'ar Kawuna. Ya nuna baya da babban yatsa ya ce, "Bhaiya, yeh Indore hai." Ɗan Indiyancin da kallon fim ya bar mini ya ishe ni in gane: ɗan'uwa, nan fa Indore ce. Na yi dariyar yaƙe, na ce masa da Turanci ai ɓawon ayaba ne, ruɓewa zai yi. Bai ce uffan ba. Kashe injin ya yi, ya naɗe hannu.

Haka na sauka, da kaftanina da hulata zanna bukar, na taka baya kamar taku talatin, na duƙa a gaban wasu 'yan mata 'yan makaranta masu jiran mota, na ɗauki ɓawon. Ɗaya ta rufe baki da littafi. Da na dawo sai dattijon ya janyo wani tsohon gwangwanin fenti da ya ɗaure a gefen kujerarsa, na jefa a ciki, ya tada injin. Har muka isa bai ƙara maganar ba, kuma bai ƙara mini ko rupi ɗaya ba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Ranar yini na yi ina ƙuna. Ni da nake alwala sau biyar a rana, ni za a koya wa tsafta? Kuma a Indiya? Na sauka ta Delhi fa, na ga abin da na gani. Akwai juji a Ghazipur, gabashin birnin, wanda ya zama dutse sosai, tsayinsa ya haura mita 60, shirwa na shawagi a kansa. A 2017 gefensa ya zaftaro ya kashe mutum biyu. Na ga kusurwoyin benaye sun yi jawur da yawun masu tauna ganyen nan da suke kira pan, irin jan da goro yake yi amma ninki goma. Na ga katangun da aka manna wa hotunan abubuwan bautarsu a jere, ba don ibada ba, don kawai maza su ji nauyin tsayawa fitsari a wurin. To mutanen da sai an yi musu wannan dabarar, su ne za su sa ni tsintar ɓawo?

Sai da fushin ya sauka na lura cewa shi dattijon ma bai ce nan Indiya ce ba. Indore ya ce.

Tun ranar 2 ga Oktoban 2014, ranar haihuwar Mahatma Gandhi, Firayim Minista Narendra Modi ya ƙaddamar da shirin tsaftace ƙasa da suke kira Swachh Bharat. Daga baya aka fara gasar tsafta tsakanin birane duk shekara. Indore ta zo ta 25 a 2016, ta zo ta ɗaya a 2017, ta kuma riƙe kambun sau bakwai a jere har 2023. Mutanen garin sun ɗauki abin kamar yadda muke ɗaukar ƙwallo. Mai shayi zai gaya maka matsayinsu kafin ka tambaya. Ka zubar da shara a titi, a wurinsu kamar ka ci gida ne.

Amma alfahari kaɗai ba ya share titi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai idan na tuna gida. Kullum da safe, har ranar Lahadi, motar shara tana shigowa layinmu tana sakin waƙa ta lasifika. Ƙarar ta dame ni da farko, don daidai lokacin da nake komawa barci bayan asuba take zuwa. Bayan motar a rarrabe yake gida-gida. Ragowar abinci da ɓawo wurinsu daban, takarda da kwali daban, roba daban, matattun batura da kayan lantarki daban, ƙunzugun yara da makamantansu daban. Sun kwashe manyan kwandunan shara na bakin titi, waɗanda ke cika su tumbatsa har awaki su yi gida a kai. Ba ka da inda za ka kai sai motar, ita kuma ba ta fashi. Ana biyan ɗan kuɗi duk wata, wanda ya zubar a hanya kuma tara ce.

A nan ma sai da na sha kashi. Ran nan na ƙulle komai a leda ɗaya na miƙa, matar da ke bin motar ta kwance ledar a gabana, ta zaro ƙashin kaza daga cikin takardu, ta ɗaga shi sama kamar shaida a kotu, ta maido mini da kayana. Tsohuwar da nake haya a gidanta tana kallo daga bene. Da yamma ta aiko jikanta da bokitai biyu, kore da shuɗi, ta ce a gaya wa ɗanta na sama kada ya ja wa layi abin magana.

Ragowar abincin nan ba a binne shi. A Devguradia, bayan gari, inda tsohon jujinsu yake, an buɗe wata masana'anta a Fabrairun 2022 da ke iya ɗaukar tan 550 na jiƙaƙƙiyar shara a rana, tana fitar da iskar gas da motocin bas na birni ke amfani da ita. Ɓawon da na wurgar, ashe man mota na zubar.

Ku je Sarafa da dare, in Allah ya kawo ku. Da rana kasuwar gwal ce, da dare masu abinci su baje a ƙofar shagunan har bayan sha biyu, mutane kamar ranar hawan Daushe. Kowane mai tebur da kwandonsa a gefe. Da safe ka bi ta wurin ka rantse ba a ci komai ba. Na tsaya ina tuna bakin masu tsire da masu shayi na unguwarmu da safe, takardu da tsinkaye da ledoji, iska na wasa da su.

Kada ku zaci aljanna na samu. Tarbiyyar tasu a kan shara ta tsaya. Mutumin da zai tsayar da kai kan ɓawon ayaba shi ne zai biyo hannun da ba nasa ba a kan babur, da mace da yara biyu a baya, yana danna oda kamar an biya shi. Layi kuwa sai ka sa gwiwar hannu. Kallon baƙar fata ba ya ƙarewa, har hoto ake ɗaukata ba sallama. Abinci barkono da masala har a karin kumallo, naman sa haramun ne a dokar jihar, rabona da tsire na gaske tun a filin jirgi. Akwai daren da zan ba da duk tsaftar Indore a kan malmala biyu ta tuwon dawa da miyar kuka.

Sai dai mu ma mu faɗi gaskiya. Babu wanda ya kai matanmu sharar tsakar gida, kafin rana ta fito an share an yayyafa ruwa an sa turaren wuta. Daga nan sai a ɗora wa yaro ko almajiri kwandon, a ce je ka zubar. Ina? Kowa ya sani: kwata. In hadari ya haɗo ma har sauri ake a juye a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Ruwan kuwa ya kai ta ƙofar gidan na ƙasa, Agusta ta yi mu ce ƙaddara. Asabar ɗin ƙarshen wata da aka ware don tsaftar muhalli, mun mayar da ita ranar ramuwar barci da ƙwallo a kan kwalta. Tsafta cikon addini a bakinmu take, hadisin kawar da abin cutarwa daga hanya kuwa tun a Islamiyya muka haddace shi. Kakanninmu sun ga zamanin duba-gari da ke leƙa randa. Na san za ku ce ina motar da za ta zo ƙofar gida, kuma kuna da gaskiya, wannan bashi ne a kan masu mulki. To amma ledar fiya wata da aka jefo ta tagar mota mai kwandishan fa, ita wace mota take jira? Kuma wa zai taka burki dominta? Ka gwada yi wa wani magana a Kano ka ji: titin na ubanka ne?

Shekaranjiya muna waya ta bidiyo da ƙanena, yana tsaye a bakin shagon Baba. Ya tsotse ruwan leda, ya matse ta, ya sake ta ƙasa yana ci gaba da ba ni labarin bikin da za a yi bayan Sallah. Na ce, "Kai, ɗauki ledar nan." Ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya fashe da dariya, ya ƙwala wa na cikin shago kira: "Ku zo ku ji, Yaya ya zama Ba'indiye!" Bai ɗauka ba. Na ce to ya gaya wa Umma in an sami mai tahowa a saka mini kuka da daddawa da ɗan kilishi, a naɗe a takarda.